Talla a Bakin Makaɗi: Sharhi a kan Harshen Tallace-tallace a Ƙasar Wamakko

Duk wanda ya fita daga birnin Sakkwato ya kama hanyar Kalambaina ya nufi garin Wamakko, in ya ce zai ƙidaya rubuce-rubucen da ke kiransa ya sayi wani abu, zai gaji tun bai kai rabin hanya ba. Ga alluna manya-manya bisa ginshiƙan ƙarfe, ga bangayen shaguna an shafe su da launin kamfanonin waya, wannan rawaya, wancan kore, na gaba ja. Ga laimomin masu cirar kuɗi, ga takardu an lilliƙa a jikin keke mai ƙafa uku, wata bisa wata, har sun yi kauri kamar ɓawon itace. In ya rufe ido kunnensa bai tsira ba, gama rediyon direba na yi, lasifikar mai magani na yi, wayar da ke cikin aljihunsa ita ma ba ta yi shiru ba. Duk wannan abu sunansa ɗaya a bakin mutane, watau talla. Abin da za a duba a cikin wannan takarda shi ne irin abin da ya sami maganar Hausa tun sa'ad da talla ya sauka daga kan 'yan mata ya hau bango, sa'an nan ya kutsa cikin waƙa da wasa.

Ya kamata a fara da kalmar kanta. A ƙamus ɗin Bargery na 1934, da kuma a bakin tsofaffi har yau, ma'anar talla ita ce yawo da kaya ana kiran mai saye. Yarinya ta ɗauko fura ko ƙosai ko goro ta bi lungu-lungu tana ɗaga murya, ta yi talla ke nan. In an lura da wannan kira za a ga yana da ƙa'idodi waɗanda ba wanda ya rubuta su, amma kowa ya san su. Mai kiran ita ce mai kayan, ko kuwa 'yar aiken mai kayan, an san ɗiyar wane ce, an san gidan da aka dama furar, in ta yi tsami an san ƙofar da za a mai da ita. Kiran kansa gajere ne, sunan abin kawai ake faɗi, a ja wasalin ƙarshe yadda zai tsallake katanga ya isa tsakar gida. Galibi kuwa ba a nuna mutum da baki, sai a ce "a sayi", da lamirin nan da ba ya kama kowa, domin mai so ya amsa, marar so ya yi kamar bai ji ba, ba wanda ya ji kunya. Bayan duk wannan, kiran mai wucewa ne. Yarinya ta sha kwana, unguwa ta koma shiru. In an kira ta kuwa, magana ta zama ta mutum biyu, a taya, ta ce albarka, a ƙara, ta sallama.

Kada mai karatu ya zaci za a ce da can wasa na gefe guda, ciniki na gefe guda, sai zamani ya zo ya gwama su. Ba haka ba ne. Gardawa masu wasa da kura da masu wasa da maciji ba don ban dariya kaɗai suke tara jama'a a bakin kasuwa ba, da taro ya yi kauri sai a kwance jaka a fito da layu da ƙulle-ƙullen magani. A zamanin Turawa ma motocin majigi da suka riƙa zaga ƙauyukan Arewa ba hotunan gwamnati na tsabta da noma kaɗai aka nuna da su ba, kamfanoni ma sun yi amfani da wannan dabara don nuna kayansu. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939, ta ɗauki tallace-tallace a shafukanta tare da labarai. A Amurka kuwa tun cikin shekarun 1930 kamfanonin sabulu suka riƙa biyan kuɗin wasannin kwaikwayo na rediyo don su sami kunnen matan gida, har aka laƙaba wa irin wasannin nan sunan sabulu, sunan da ya bi su har yau. Saboda haka cuɗanyar tsohuwa ce. Sabon abu shi ne yadda aka ɓoye ta, da kuma yadda ta rasa lokacin tashi. Gardi in rana ta faɗi ya ɗaure kurarsa ya tafi, kowa ma ya ga lokacin da wasa ya ƙare aka shiga ciniki.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne wajen waƙa, gama ƙasar Sakkwato da Zamfara da Kabi ita ce gidan manyan makaɗan fada da na maza. Daga nan Ibrahim Narambaɗa ya fito, da Salihu Jankiɗi, da Musa Ɗanƙwairo, da Sa'idu Faru, da Ɗan Anace mai kiɗin 'yan dambe. Waɗannan duka don a ba su suke yi, ba su kuwa taɓa ɓoye haka ba. M. G. Smith ya nuna tun a 1957 cewa roƙo sana'a ce mai tsari, mai aiki a cikin zaman jama'a. To, mai neman kare waƙar talla ta zamani yakan kafa hujja da wannan, ya ce ai makaɗi dā ma mai yabo ne don abin hannu, ina bambanci tsakanin wanda ya yabi sarki aka ba shi doki da wanda ya yabi sinadarin miya aka ba shi cek? Hujjar tana da ƙarfi, ta kuwa cancanci a amsa ta a tsanake.

Makaɗin fada yakan faɗi ladansa a cikin waƙar kanta. Yakan jero waɗanda suka ba shi, wane riga, wane doki, wane kujerar Makka, har wannan jeri ya zama ɗaya daga cikin turakun waƙar. Mai sauraro ya san wanda ya biya, ya san abin da aka biya, sai ya auna yabon da wannan ma'auni. Ban da haka, bakin da ke yabo shi ne ke zambo. Makaɗi na iya yi wa abokin hamayyar ubangidansa habaici, yana kuma iya juya wa marowaci baya, kowa ma ya sani, saboda haka yabonsa yana da daraja, domin abu ne da ake iya rasawa. Sa'an nan wanda ake yabo mutum ne mai asali, mai uba da kaka, mai aikin da jama'a suka gani da idonsu. In makaɗi ya ce kakansa ya ci yaƙi kaza, akwai tsofaffi a wurin da za su gyaɗa kai ko su yi murmushi. Ƙarya tana da iyaka a gaban waɗanda suka san gidan.

Waƙar talla ta ari rigar roƙo ta bar waɗannan abubuwa uku a ƙasa. Ta ari amshi, ta ari kirari, wani lokaci har da sautin kotso ko kalangu da ake fitarwa daga cikin fiyano, amma ba ta faɗin nawa aka biya. Ba ta zambo, domin yarjejeniyar kamfani ba ta bar wurin zambo ba. Abin da take yabo kuwa ba shi da kaka. Dunƙulen ɗanɗano ko katin waya ba su yi yaƙi ba, ba su yi kyauta ba, ba su da gidan da za a ambata. Da mawaƙi ya rasa asali da aiki, waɗanda su ne ƙashin bayan yabo, ba abin da ya rage masa sai siffofi, sai ya tara su bisa juna, ingantacce, nagartacce, sabo fil, na ɗaya, wanda babu kamarsa. Duk wanda ya saurari irin waɗannan waƙoƙi goma a jere zai ga ana iya cire sunan sabulu a sa na taliya ba tare da ɗango ɗaya ya lalace ba. A waƙar Narambaɗa ba a iya cire sunan Sarkin Gobir na Isa a sa na wani, gama waƙar duka ɗinkinta a jikinsa aka yi. Wannan shi ne gwajin da ya fi sauƙi, malami ma yana iya yin sa da ɗalibansa a cikin aji.

Barnar ba a kan waƙa kaɗai ta tsaya ba, ta taɓa kalmomi waɗanda Bahaushe ke ji da su. A ɗauki kalmar kyauta. Kyauta a Hausa abu ne da ke ƙulla zumunci, ana yin ta ba sharaɗi, ana yi mata tukuici, ana tuna ta shekara da shekaru. Yau kuwa yaro ya tashi yana jin kalmar sau da yawa a yini a cikin saƙon waya, kullum da sharaɗi a gindinta, sai an sayi kaza, sai an yi amfani da ita kafin kwana kaza. Wannan a Hausar kasuwa sunansa gyara ko daɗi, abin da mai awo ke ƙara wa mai saye bayan an gama ciniki, kuma kalmomin nan suna nan ba su mutu ba. An bar su ne aka ɗauki kyauta domin ta fi su zaƙi a kunne. Haka kuma albishir. Albishir magana ce ta mutum biyu, a ce albishirinka, ka ce goro, sa'an nan a faɗa maka abin farin ciki wanda ya shafe ka, haihuwa ko dawowar matafiyi. Mai talla ya ɗauke rabin farko ya yar da amsar, yana yi wa dubban mutane albishir da abin da za su biya kuɗi su saya. Garaɓasa, wadda dā sai an yi sa'a ake cin karo da ita, yanzu ba ta yankewa, abin da ba ya yankewa kuwa ai ya tashi daga garaɓasa ya zama farashi.

Mafi ban tunani a cikinsu ita ce ɗaukar nauyi. Wanda ya ɗauki nauyin maraya ko na karatun ɗan maƙwabci ya ɗora wa kansa kaya ne don wani ya huta. Da wannan lafazi ne gidajen rediyo da talabijin ke sanar da wanda ya sayi lokaci, har a shirye-shiryen tafsiri na watan azumi. Lalle a cikin masu biyan kuɗin nan akwai masu neman lada da zuciya ɗaya, ba kuwa aikin mai nazarin harshe ba ne ya leƙa zuciyar kowa. Amma lafazin ya rufe bambanci tsakanin mai sadaka da mai ciniki, ya sa musu riga iri ɗaya, mai sauraro ba shi da hanyar rarrabe su.

Game da ginin jimla, laifin ya fi yawa a tallan da aka tsara da Ingilishi a Legas sa'an nan aka miƙa wa wani ya juya. A nan ne ake samun umurni tsirara, saya, danna, aika, ba sallama ba lamiri mai laushi, ana yi wa dattijo mai furfura magana da "ka" kamar yaron gida. A nan ne kuma ake gaya wa mutum wai ya cancanci abu kaza, ko a ce masa ya ji bambancin, maganganun da in ba a mai da su Ingilishi a zuci ba, ba a gane inda suka dosa. Gaskiya ita ce ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Tallan da ma'aikatan rediyo na gida ke tsarawa da kansu, musamman na 'yar taƙaddama tsakanin miji da mata ko tsakanin Bahaushe da baƙo, sau da yawa Hausarsu tsab take, wasunsu ma sun fi wasannin kwaikwayon da suke katsewa daɗin ji. Amma fa gwanintar nan ita ce ke sa ba a jin shigarsu.

Akwai wata hasara wadda ta keɓanta ga wannan yanki. Mutumin Wamakko ko Dundaye ko Gumbi cewa yake munka, sunka, anka, inda Bakano ke cewa muka, suka, aka. Yana cewa shina, da wanga, da wagga, da mi, yana cewa hwari inda wancan ke cewa fari. Da irin wannan Hausa aka yi da yawa daga cikin waƙoƙin malaman jihadi, da ita kuma makaɗan da aka ambata suka yi nasu. Daidaitacciyar Hausa, wadda Hukumar Harshen Hausa ta 1955 ta ƙarfafa, a kan karin Kano aka gina ta, ba kuwa wanda ke musun amfaninta a littafi da jarrabawa. Amma dā iyakarta aji da jarida da labarun rediyo, dandali da kasuwa da bakin makaɗi na Sakkwatanci ne. Talla shi ne ya kai ta inda malamin makaranta bai taɓa kai ta ba. Kamfani ba zai yi waƙa ɗaya don Kano wata don Sakkwato ba, guda yake yi a watsa ko'ina, yaro kuwa abin da ya fi ji shi yake rerawa. In ma an sa Sakkwatanci a talla ko a fim, galibi a bakin wanda ake so a yi wa dariya ake sa shi. Wannan abin kunya ne a ƙasar da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, ke zaune a cikinta.

Fim ɗin Hausa, wanda aka saba ƙirga farkonsa daga Turmin Danya na 1990, ya rayu shekaru da yawa a kan sayar da kaset da faifai. Da wannan kasuwa ta mutu, masu shiryawa suka koma ga tashoshi irin Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, da kuma YouTube, inda kuɗin ke fitowa daga masu talla. Wanda ke biya kuwa shi ke da ta cewa a kan siffar labari. Shi ya sa labarin da dā za a gama cikin sa'a biyu yanzu ake jan sa mako-mako, ana yanka shi daidai inda rai ya rataya. Wannan ma da sauƙi, gama mai kallo ya san an tsaya ne don talla. Wanda ya fi shi illa shi ne tallan da ke cikin labarin kansa, inda za a ga an zaunar da mutum biyu a wani shago ko gidan abinci ba don labari ya bukaci haka ba, kyamara ta daɗe a kan allon sunan wurin, ɗaya ya tambayi ɗaya inda ta sayi atamfarta, ita kuwa ta amsa da cikakken kwatance. Mai sharhin adabi da ya zauna yana neman ma'anar wannan fitowa a cikin jigo ya ɓata lokacinsa, domin ba marubuci ne ya sa ta ba. Hukumar kula da tallace-tallace ta ƙasa, wadda dokar 2022 ta sabunta ta koma ARCON, aikinta tantance talla ne, amma kafin a tantance abu sai an yarda talla ne, wannan kuwa ya shigo ne da sunan hira.

A gidajen kallon ƙwallo na Arkilla da sauran unguwanni abin ya wuce kunne ya hau jiki. Saurayi ya sayi rigar Arsenal da kuɗinsa, yana yawo da sunan kamfanin jiragen sama na Emirates a ƙirjinsa, sunan da ke kan rigar tun 2006, ba a biya shi ko anini ba. Waɗansu rigunan sunayen kamfanonin caca ne a jikinsu, mai rigar kuwa bai sani ba, domin bai karanta shi a matsayin magana ba, ado ya ɗauke shi. Ƙungiyoyin babbar gasar Ingila da kansu sun amince a 2023 su cire irin waɗannan sunaye daga gaban rigunansu, amma rigar da ta riga ta shigo kasuwar gwanjo za ta daɗe tana yawo.

Bango kuwa ba shi da mai tsaya masa. Dā abin da ake rubutawa a jikin babbar mota maganar mai motar ce, addu'a ko haƙuri ko gugar zana ga mahassada, ko ta yi kyau ko ba ta yi ba tasa ce. Yanzu mai shago yakan ba da bangonsa a shafa masa fenti ba da kuɗinsa ba, shi ya sami fenti, kamfani ya sami idon duk mai wucewa, mai wucewar kuwa ba wanda ya shawarce shi. Lokacin zaɓe 'yan takara su zo su rufe na kamfani da nasu hotuna, har jikin makarantu da gadoji. Birnin Sawu Pawulo na ƙasar Birazil ya kafa doka a 2006 ya sauke allunan talla daga titunansa, abin da ya nuna cewa idon jama'a ma dukiya ce da hukuma ke iya karewa. Abin lura a nan shi ne masana'antar siminti ta Kalambaina, wadda ta fara aiki a 1967, ba da waƙa mutanen Wamakko suka san ta ba, sun san ta ne da hayaƙinta da manyan motocinta da 'yan'uwansu da ke aiki a ciki.

Saura a koma ga mai talla ta farko. Tana nan ba ta ɓace ba, amma ita ma zamani ya taɓa kiranta. A kasuwanni da tashoshin mota yanzu ana ganin mai baro ko mai tebur ya rataya 'yar ƙaramar lasifika mai caji, ya ɗauki muryarsa sau ɗaya da safe, ko ya sa wani mai zaƙin murya ya yi masa, ita kuwa ta yi ta maimaitawa har dare, shi yana zaune yana danna waya. Kiran ya rabu da maƙogwaro, ba ya gajiya, ba ya shan kwana, ba ya yin shiru in babba ya zo wucewa. Duk da haka, a cikin dukan muryoyin da ke kan hanyar Kalambaina, waɗannan ne kaɗai suka rage da Sakkwatanci tsantsa, da sunan kaya da farashinsa a fili, da mai kayan zaune inda za a iya taya shi. Ɗaliban kwalejojin horon malamai da ke neman abin da za su rubuta a kai suna iya fara ɗaukar su tun yanzu, kowace da sunan kasuwar da ranar da aka ɗauke ta, a ajiye su tare da kiraye-kirayen da tsofaffin mata ke iya tunawa daga ƙuruciyarsu.